Likita Huɗu, Babu Lokotoro Ko Ɗaya

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da aka saka mu cikin jerin masu wadatar lafiya ba, alhali ma'aunin hawan jini ɗaya tal gare mu, shi ma sai an bubbuga shi yake motsi. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan ku saurara, don wannan ba a koyar da shi a lakwal, wato makaranta.

Lokacin ni ne manjo a wata ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, can bayan Jiratawa, cikin masu noman rani. Manjo shi ne ma'aikacin jinyar da aka danƙa wa riƙon wurin: shi ke duba marasa lafiya, shi ke allura, shi ke rubuta rahoton wata. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takarda a kai mutum Maraɗi. Shekara shida ina roƙon a turo mana lokotoro, wato dokta, da motar ɗaukar marasa lafiya, ba ko amsa. Sai ga labari cewa wasu baƙi na zagaya ƙasashen yankinmu suna auna wa ya fi wa a karatu da lafiya, kuma inda suka tarar babu lokotoro za su ɗauki nauyin guda har da mota. Na ce to, yau kakarmu ta yanke saƙa.

Zaɓe saura wata uku. Depite namu, wato ɗan majalisa, wanda rabonmu da shi tun ranar da ya zo neman ƙuri'a, ya riga baƙin isowa da babbar riga tana ƙamshi. Ya karɓi lasifika ya fara:

"Mun wuce maƙwabta! Ku dubi mutanen Jibiya da Katsina, ba nan Maraɗi suka zuwa neman magani ba? Malamansu kullum yajin aiki, namu suna aji!"

Aka yi ta tafi. Yaran da aka jera suna tafin a rumfar kara suke karatu, nasa 'ya'yan kuwa suna ƙasar waje, shi kansa ko haƙori ya dame shi jirgi yake hawa. Na sha jin irin wannan fariyar a rediyon Najeriya ma, su suna cewa sun fi mu. Makaho ne ke yi wa mai ido ɗaya dariya, ko akasin haka, har yau ban tantance ba.

Baƙin ta Kano suka biyo, suka taho da tafintansu, wani dattijon malami Bakano. Shugabar tawagar, wata Baturiya, ta ce ba ta son jawabi, daga bakin maigari take son ji. Tafinta ya durƙusa ya ce:

"Ranka ya daɗe, likita nawa kuke da su a wannan yanki?"

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu likita gini ne, inda ake zuwa karɓar magani. Mutumin da ya yi dogon karatun shi ne lokotoro. A Kano kuwa ginin asibiti ne, likita shi ne mutumin. Maigari ya lanƙwasa yatsunsa yana tuna ɗakunan shan maganin ƙauyukansa, ya ce, "Huɗu."

"Kuma kullum ana samunsu? Ba sa tafiya birni?"

"Su tahi ina? Rani da damana suna nan inda anka aje su."

Baturiya ta ɗaga gira, ta rubuta, har da jinjina kai. Ta ce duk ƙasashen da ta zaga ba ta ga likitoci masu riƙon amana irin namu ba.

Na buɗe baki, sai shugabana, lokotoron gunduma da ya zo daga Maraɗi, ya ja hannun rigata. Na dubi depite. Mutumin nan shekara ashirin yana fatauci Kano, Hausar nan biyu duk a bakinsa suke. Murmushi kawai yake yi kamar an yi masa bushara.

Da aka zauna cin abinci na sami depite gefe na ce, "Ranka shi daɗe, an yi kuskure. Gini maigari ya ƙirga."

Ya ce, "Manjo, kunnena ƙalau. Mi kaka so? In tashi gaban baƙi in ce ba mu da ko guda, su tahi su rubuta Najeriya ta hi mu? Bari, za mu gyara daga sama."

Shugabana ya ƙara da cewa akwai wata likita can arewa, kwana biyu a mota, da ke neman manjo mai yawan magana. Ina da iyali a Maraɗi. Baturiyar nan tana zaune, tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba, tana yagar kaza. Ban je ba, kuma ba zan ɗora wa kowa wannan ba sai kaina.

Lokotoro da mota aka kai su wani yankin. Depite ya shiga rediyo yana shelar cewa baƙi da kansu sun shaida mun zarce maƙwabta, ya kuma ci zaɓensa. Na rubuta takardar gyara sau uku. Daga sama babu abin da ya sauko mana sai ruwan damina.

A daminar ne aka kawo mini Rabi, 'yar maigari, da hantsi, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Na yi iyakar abin da manjo zai iya, na rubuta takarda. Hanya ta jiƙe, a amalanke aka ɗauke ta zuwa bakin kwalta. Kafin a sami motar da za ta tsaya, rai ya yi halinsa.

Wurin gaisuwa maigari ya riƙe hannuna ya ce, "Manjo, wai ina lokotoron da kac ce baƙin nan za su kawo muna?"

Ashe babu wanda ya taɓa gaya masa. Na dubi tsohon nan, na ce, "Bai iso ba tukuna, ranka shi daɗe." Har Allah Ya karɓi ransa ban faɗa masa gaskiya ba.

Abin da na koya shi ne, manyanmu ba kurame ba ne, kuma kuskuren da ya yi musu daɗi ba ya gyaruwa. Su kunyar maƙwabta suke ji, mu ne ke wanke gawa. In aka yi kuskure a gabanku, ku gyara shi tun baƙo bai tashi ba, ko da kuwa arewa za a kai ku.