Sana Sitta a Gidan Kawu

Shekarar da ambaliya ta ci Khartoum, ɗakinmu na unguwar Alshajara ya zube, muka kwashe zuwa gidan Kawu a Omdurman. Mu goma sha ɗaya a kan kwano guda. Ina da shekara tara.

Wata magariba matar Kawu, Inna Hawwa, ta ajiye mana asida, tuwon can, 'yar mitsitsiya. Na ce, yadda nake ji a kasuwa: "Yau kuma sana sitta ce?" Duk abin da ya yi kaɗan haka ake kiransa, ko shayin da ba sukari. Yara suka yi dariya. Inna ta juya ta koma madafa.

Bayan isha kakarmu, da muke kira Habboba, ta tara mu gaban murhun gawayi.

"Maigidana," ta ce da ni, "ka san abin da ka kira? Shekara ta dubu da ɗari uku da shida bayan Hijira ke nan, zamanin Mahadiyya. Mutane suka zubar da sauran lissafin suka riƙe shidan, sana sitta da Larabci, don a yunwa ba ta da ta biyu."

Ta ce a garin nan har igiyar fatar gado aka jiƙa aka dafa. Uwarta tana yarinya, baƙi ne masu niyyar Makka, ba dangi. Kullum da asuba sai su tarar da kisira biyu, wato gurasar dawa, a kan katanga. Ba su taɓa ganin mai ajiyewa ba, don kada su ji kunya. Ran nan ba a ajiye ba. Aka shiga gidan maƙwabciya, wata tsohuwa Batul, aka same ta ta cika. Ashe rabonta ne duka take ajiye musu.

Garwashi ya yi ja, ba mai motsi. Ni dai gani nake katangar gidan Kawu ce.

"Ba don Batul ba, da babu ni, babu kai," in ji Habboba. "To, ka ga Innarka ta ci yau? Jiya fa?"

Kunya ta hana ni ba ta haƙuri. Na girma, na rubuta labarin da ajami, na daina furta kalmar da wasa, amma bakina bai buɗe ba. Na dai gane sunan zamani ba lissafi ba ne kawai, akwai mutane kwance a cikinsa.

Da yaƙin nan na Sudan ya zo, bayan shekaru da yawa, yunwa ta dawo Omdurman. Muna dafa wake a masallacin unguwa, kowa ludayi ɗaya. Na kai wa Inna, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na tuna mata maganata.

"Au, kai ne mai sana sitta?" Ta yi dariya har da tari. "Na yafe, ɗana, duniya da lahira. Kai ka ci?"

"Na ci, Inna."

Ta laluba ta turo kwanon tsakaninmu.

"Wanke hannunka. Wannan ƙaryar na riga ka iya ta."