Huji Uku a Cibiyata

Shekarun baya, bayan sojoji sun koma bariki, ciwon ciki ya kai ni Yamai. Ni da ban taɓa kwanciya don ciwo ba, sai ga ni ɗana na riƙe da hannuna kamar akuyar kasuwa.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya duba hotuna ya ce akwai wani ɗan aljihu a jikin ƙaramin hanjina, da shi aka haife ni, kuma wani ƙari da ba a cika gani ba ya tsiro a ciki. Na ce, "Yaro, kula da bakinka. Uwata ba ta haifi abu da aibu ba." Ya ce, "Inna, ba laifinta ba ne." Na ce to ya yi aikinsa.

Da na farka na laluba ciki, na zaci zan ji ɗinki daga ƙirji har mara. Huji uku na tarar, ƙanana, an manna musu auduga. Wai ta nan suka zura ƙarfe mai ido suka ciro abin.

A ƙauyenmu kusa da Tabla, mata suka cika ɗaki dubiya. Maƙwabciyata, wadda aka taɓa yanka wurin haihuwa, ta ce in buɗe. Na buɗe. Ta leƙa ta ce, "Wagga ita ce fiɗar? Ƙaho dai wanzami ya yi miki, kin tafi Yamai cin shinkafa." Kwana kaɗan kuma aka gan ni ina surfe, magana ta tabbata: tsohuwar da ke tsawata wa kowa kan ƙarya ta yi ƙarya. Har yara suka daina gudu in na daka tsawa.

Ranar komawa asibiti na tasa maƙwabciyar tawa gaba zuwa tasha. Na ce wa lokotoro, "Nuna mata." Ya kunna hoton fiɗar a tele, wato talabijin, ga hanjina yana motsi, ga ƙarfe yana tsinko abin. Ta ce, "Wayyo Allah!" ta zauna daɓas a ƙasa.

Da muka dawo, ita ta bi gida gida tana ba da labari, har da ƙarin maciji mai ido da aka saka mani a ciki. Ban gyara mata ba.

Yau in na tuna, dariya nike. Na yi ta baƙin cikin rashin babban tabo, ashe shaida mai tsoro ta fi shi aiki. Har gobe, in an yanka rago, ba ta taɓa kayan ciki.