Tunkun Basma

Baba Abdulrauf ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar alhazai zuwa Arfa, yanzu kuwa ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida, a unguwar Ka'akiyya. Tun rasuwar matarsa Ruƙayyatu gidan ya yi masa faɗi. Da jikarsa Basma za ta tafi karatu Riyad, sai ta bar masa amanar wata 'yar dabba mai dogon jiki, irin wadda yaran zamani ke kiwo a keji.

"Wannan ai tunku ne, ɓarawon kaji!" in ji shi.

Sunan ya bi dabbar. Basma, wadda Larabci ya cinye mata harshe, ta samu sabuwar kalmar Hausa.

Kullum bayan la'asar takan kira ta bidiyo don ta ga tunkunta. Tsoho ba yaro ba ne, ya san ba don furfurarsa ake kiran ba. Amma kewa ba ta da girman kai. Ya san ranar da tunku ya mutu, wayar ma za ta yi shiru.

Ta bar masa salwa cike da firiza, ta ce a riƙa ba tunkun ɗanya sukutum. Baba ya ce Allah ya kiyaye, a gidansa ba a taɓa ba baƙo ɗanyen abu ba. Ya shiga dafa masa shinkafa da madara, har da dabino. Kafin a ce me, tunku ya kama zawo, ya rame, ya lafe a kusurwa.

Da aka kai shi wurin likitan dabbobi, likitan ya ce hanjinsa gajere ne, bai san hatsi ba. Nama yake so, da ƙashi, da gashi, da kayan ciki.

Baba ya dawo gida. Ya ɗauko salwa, hannunsa ya fara figa don sabo, ya tsaya, ya miƙa ta yadda take. Da ya ji ƙurus-ƙurus na ƙashi, sai da ya yi hamdala.

La'asar ta yi, waya ta yi ƙara.

"Amaryata, ga mutuminki, ya ci har ya lashe baki."

Basma ta yi dariya, sannan ta ƙura wa fuskarsa ido. Ta lalubo 'yar Hausar da ta koya a bakin murhun kakarta.

"Ke fa, Kaka, kin ci abinci?"

Haka take tambayar Ruƙayyatu, ba ta san wata siga ba. Baba ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya fasa.

"Sake faɗi, ban ji ba," in ji shi.