Keken Ɗinkin Usta Idirisa

Da ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar yau aka sanar da ni rasuwar Usta Idirisa, tela a kasuwar Gadarif. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba dangina ba ne. Gadonsa ne ke kusa da nawa a sashen wankin ƙoda, kowace Litinin da Alhamis, har shekara uku.

Sa'ad da na fara gasil, wato wankin ƙodar, ƙarfi ya bar ƙafafuna. A zaune nake salla, kuma ba na kaiwa ƙofar gida sai 'yata Nafisa ta riƙe ni. Daktora ta ba mu takardar motsa jiki: 'yar tafiya a ranakun hutu, motsa ƙafa a zaune, ban da ɗaukar nauyi da hannun da ake sa wa allura. Na karanta sau biyu, na adana ta a fayil. Ban aikata ko ɗaya ba.

Usta bai yi makaranta ba, ni na karanta masa tasa. Da ya koma shago sai ya kwance motar lantarki daga keken ɗinkinsa, ya koma takawa da ƙafa.

Wata rana ya ce, "Ya Ustaz, ka zo shago ran Talata. Akwai aiki."

Na shaida masa cewa ni tsohon mai duba makarantu ne, ban taɓa ɗinki ba.

Ya ce, "Ɗinki nawa ne. Ƙafa kawai za ka ara mini."

Na nemi izinin daktora tukuna. Ranar farko minti biyar na taka, da agogo a gabana, keken babu zare. Bayan wata biyu ya sa zare, ya ba ni bakin jallabiyoyin masu yankan riɗi na Fashaga. Ɗinkina bai taɓa miƙewa ba. Daga baya maƙwabcinsa ya gaya mini cewa in na tafi Usta yakan warware ya sake. Shi bai taɓa faɗa ba.

Sannan ya hana mai raksha, wato a-daidaita-sahu, kawo ni ƙofar shago, sai bakin kasuwa. Na yi ƙorafi, bai saurare ni ba.

A azumin bana na yi salla a tsaye.

Ban ce keke magani ba ne. Usta da kansa yakan tsaya da zarar numfashinsa ya yi sama, ni ma ya tsayar da ni. Duk mai gasil ya tambayi likitansa kafin ya kwaikwaye mu.

Ganinmu na ƙarshe ranar Alhamis ne. Fuskarsa ta kumbura, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce bai gan ni ran Talata ba. Na ce an yi ruwa, laka ta hana.

"Ƙodar taka ta san da laka, ya Ustaz?"



Za a yi jana'iza bayan la'asar. Daga gidansa zuwa maƙabarta ya fi duk tafiyar da na yi tun da na fara gasil. Nafisa ta kira raksha, na sallame shi. Zan bi gawar da ƙafa. In na gaji in tsaya, in na huta in ci gaba.

Allah Ya gafarta wa Idirisa, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya ba iyalansa haƙuri. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a, da sunansa.