Wunin da jirgin Baba ya tsaya

Babana yana aiki a ɗakin wanki na wani babban jirgin ruwa mai yawo da 'yan hutu. Bara jirgin ya tsaya a tashar Le Havre ta Faransa na wuni guda. Fasinjoji suka hau bas-bas zuwa kallon Paris, shi kuma ya samu izini ya shigo jirgin ƙasa ya zo wurinmu a Stains, a gefen Paris, da sharaɗin ya koma kafin jirgin ruwan ya tashi da yamma.

Ina da magana da shi. Inna da Goggo, yayar Baba da ke Lyon, sun gama shirya cewa zan koma hannun Goggo in yi babbar sakandare, wato lise, a can, don ba ta da ɗiya kuma gidanmu ya yi mana kaɗan. Ban so. Baba kaɗai zai iya cewa a'a. Sai dai ni ce 'yar fari, kuma Baba mutumin Damagaram ne na asali: ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana a gaban mutane. A waya ma sai ya ce wa Inna, “Ina waccan? Tana lafiya?” Don haka na ƙudura sai na same shi shi kaɗai, ko a bakin ƙofa ne.

Ya iso da hantsi. Ya rame, fatar yatsunsa ta yi fari-fari tana saɓewa saboda jabel, ruwan nan mai ƙarfi na wanki. Ƙanwata ta ɗale masa a wuya. Ni na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon labule.

Inna ta faɗa wa maƙwabciya ɗaya tak cewa yana tafe. Kafin ya kai loma uku na tuwon da ta kwana tana tanadi, aka buga ƙofa. Mutanenmu na unguwa ne, sun zo sannu da zuwa. Ina gajiya, ina aiki, yaya teku, yaya aka ji da sanyi. Wani ya fita, wani ya shigo, a sake daga farko. Takalma suka taru har kan matakala.

Wani dattijo mutumin Tawa ya ce, “Badamagare a kan teku! Ku da kuke kwana layi a bakin famfo, yanzu ruwan ya ishe ka?”

Baba ya ce, “Alhaji, duk gishiri ne. Ko shi ma da mu yake gāba.”

Aka yi ta dariya. Ni ina kai shayi ina kwashe kofuna. Na lura Baba yana juya agogonsa zuwa cikin hannu don kada baƙi su ga yana dubawa. Ba wanda zai ce wa mai gaisuwa ya tashi, shi ma bai ce ba.

Da ya shiga yin alwala na tsaya a lungu da tawul. Ya fito, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na miƙa masa, na buɗe baki, sai dattijon ya ƙwala kira daga falo, “Malam, kai za ka ja mu salla, ko matafiyi ya gaji?” Baba ya karɓi tawul ɗin ya wuce.

Bayan azahar muka raka shi tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, ni da Inna da ƙanwata. A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙanwata ta yi barci a cinyarsa. Ina zaune daura da shi, gwiwata na kusan taɓa tasa, ina maimaita maganar a zuciyata, da Hausa, da Faransanci. Inna na nan, kuma na san ba zai amsa ba a gabanta.

A bakin jirgin ƙasa ya sauke ƙanwata, ya gyara jakarsa. Ya ce wa Inna, “Ki nema wa waccan rigar sanyi mai kauri kafin ta tafi. Yaya ta ce iskar Lyon ba ta da kirki.”

Ashe ya riga ya amince, tun a waya.

Ya shiga ya zauna ta wajen taga. Sai da gilashi ya raba mu sannan ya dube ni sosai, ya daɗe, kamar mai son ya haddace fuskata. Na ɗaga hannu. Jirgin ya ja.

Daga Lyon nake rubuta wannan. Goggo na da kirki. Ban taɓa gaya wa kowa cewa ban so zuwa ba.