Ƴaƴan Fari a Bayan Katanga

Da asuba Kaltumi tana durƙushe a ƙarƙashin rumfa, tana tankaɗe rairayi da wata tsohuwar rariya. Haka nake iske ta kullum idan na zo hura wuta. Tana fitar da ƙarangiya da ƙaya da kashin awaki, wani lokaci har kunama. Ta ce yaron da yunwa ta ci ba ya da ƙarfin kuka ko kunama ta harbe shi, sai dai a ga ya yi shiru. Ba wanda ya sa ta wannan aiki, kuma ban taɓa jin wani ya gode mata ba.

Ni ce Salamatu, mai dama kunu a gidan renon yaran da ke bakin garin Tawa, ta wajen arewa, lokacin yunwar tamanin da huɗu. Ban iya dogon zance ba. Abin da na gani zan faɗa.

Kaltumi mutuniyar Barmu ce. Mijinta ya rasu tun a yunwar farko, ƴaƴanta maza biyu sun tafi Abijan neman abinci, ba su aiko da ko gaisuwa ba. Da gero ya bushe a gona tun bai fid da kai ba, sai ta bi ayarin mata zuwa Tawa. Suka kafa bukkoki na kwali da tsumma. Mazan ƙasarmu ta Adar duk sun watse, iyakar Najeriya kuma a rufe. Gwamnatin soja ta ce a yi noman rani, aka haƙa rijiyoyi cikin kwari, mata suna ban ruwan shu, wato kabeji, da albasa ana biyansu da jar dawa. Amma an hana zuwa da yara bakin rijiya. Kaltumi kuwa bayanta ba ya iya jan guga, sai ta ce wa matan, “Ku bar mini su.”

Da haka gidan ya fara. Attahiru, shugaban samariya, wato ƙungiyar matasan unguwa, ya samo mana wani kango mai katanga. Daga baya wata ƙungiyar agaji ta ji labari, ta fara aiko da madarar gari da garin masara da mai. Aka ɗauke ni in riƙa damawa. Kwano ɗaya da hantsi, kwano ɗaya da la'asar. Yawancin yaran nan ba su da wani abinci a duniya sai shi.

Kaltumi ba ta zama. Kullum da yaro a bayanta, in ta sauke wannan ta ɗauki wancan. Tana tsokanar ƴan mazan, “Kai mijina, yau ma hannu biyu ka zo? Ko gishiri babu? To na fasa auren.” Yaro ya yi dariya da bakinsa duk kunu. Tana da daɗin zama, amma a kan abu ɗaya ba ta da sauƙi, wato kunya. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna cewa nata ne. Kaka ko wata babba ce ke yi masa magana. Kaltumi ta ce yunwa ta ƙwace mana gero da shanu, ba za ta ƙwace mana wannan ba.

Akwai wata ƙaramar mace, Kande, daga Tebaram. Ɗiyarta ɗaya, Zalika, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Kande ba ta da uwa ko uwar miji a Tawa. Wata rana da yamma ta dawo daga kwari, yarinyar ta rugo ta rungume ƙafarta, ita kuma ta ɗaga ta sama tana shinshina wuyanta. Kaltumi ta tsaya da tsintsiya a hannu.

“Ke ɗiyar nan, mi kike yi?”

“Inna, kewa ce.”

“Kewa? A gaban jama'a? Can Tebaram haka aka koya muku? Aje ta. In kina son a ɗauke ta, ga ni. Ni ce uwatta a nan.”

Mata suka yi dariya. Wata ta ce, “Gobe sai mu ji tana rangaɗa sunanta a kasuwa.” Kande ta ajiye yarinyar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ranar ba ta ƙara ba. Idan ta zo da yamma sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Inna, ina yarinyar nan?” Kaltumi ta ji daɗin hakan. Ta riƙa nuna ta ga sauran ƙananan matan, tana cewa ga wadda ta ji magana.

Da sanyi ya fara wucewa Attahiru ya zo da labari. Masu agaji sun kafa doka: duk gidan reno sai da malama mai difilom, wato takardar shaidar karatu, kuma malama ɗaya yara talatin. Abin da ya wuce haka ba za a ba shi madara ba. Sun ce a wani gari an tara yara da yawa ba mai kula, cuta ta shiga ta yi ɓarna. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma mu yaranmu sun haura hamsin, kuma a lokacin soja ba a tambayar doka dalilinta.

Aka kawo mana Madam Aminata, ƴar gari, sabuwar fitowa daga lakkwal, makarantar boko. Yarinya ce mai hankali. Ta koya wa yara wanke hannu da waƙa, tana durƙusawa ta gaida Kaltumi. Aka ce daga yau Madam ce shugaba, Kaltumi kuma mai shara. Na zaci za ta yi fushi. Ta ce, “To da can mi nike yi in ba shara ba?”

Saura malama ta biyu. Attahiru ya ce akwai wata a Kalfu, sai aka ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki ta bi shi. Ya ce akwai wata a cikin gari, sai ga shi lakkwal ta riga ta ɗauke ta. Duk lokacin da na tambaye shi sai ya gyara hula ya ce, “Ana kan magana, Salamatu.” Na ce masa ni ban taɓa dama magana yara sun sha ba.

Ranar da wakilin masu agaji ya zo, da sassafe ne, mata ba su tafi kwari ba tukuna. Mushe Alƙasum ake ce masa, Mushe ɗin nan na Faransanci da ake kiran ƴan boko da shi, siririn mutum mai tari, ga alama shi ma ya gaji. Ya sa aka fitar da yara duka waje. Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Ni ba zan zaɓa ba, kada a ce na yi son kai. Kowace uwa ta kamo ɗanta, ta gaya mini sunanshi, ta shigar da shi. In sun kai talatin na rufe.”

Masu ƴaƴa uku da huɗu suka ruga. Wannan ta jawo na biyu da na uku, waccan ta ɗauko auta a kafaɗa, ana ture juna ana kiran sunaye. Nasu na fari sun girma, ba sa cikin reno, ba abin da ya dame su. Ƙananan matan kuwa, masu ɗa ɗaya tak, suka tsaya jikin katanga kamar an dasa su. A ce mace ta kama ɗan farinta, ta faɗi sunansa da bakinta, ga namiji baƙo, a gaban dukan unguwa?

Ina kallon Kande. Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya wajen Zalika. Sai ta waiwaya ta dubi Kaltumi. Kaltumi ta ɗaga mata hannu, alamar ta dakata. Na san abin da ke ranta. Tana ganin in hayaniya ta lafa, ita babba za ta kai ƴaƴan farin da kanta, kamar yadda ake yi. Kande ta mayar da ƙafarta.

Kaltumi ta bi ta tattara su, ɗaya a baya, biyu a hannu, sauran suna riƙe da zanenta. Ta iso ƙofa.

“Mushe, ga nawa. Wannan Zalika, wannan Sidi, wannan…”

“Sun cika, Inna.”

“Ɗana, ƴaƴan fari ne. Uwayensu na nan tsaye. Kunya ce ta hana su.”

“Na sani, Inna. Ni ma ɗan fari ne. Har uwata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba.” Ya yi tari. “Amma wa zan fitar? Nuna mini wanda zan fitar in sa naki.”

Kaltumi ta leƙa cikin rumfa. Duk yaran da ke ciki ta goya su. Ba ta nuna kowa ba.

“In kun samu malama ta biyu, ku aiko mini,” in ji shi. “Ran nan zan dawo.” Ya nufi motarsa.

Madam Aminata ta ce ita za ta iya da su duka, ta bi shi har mota tana faɗa. Ya ce ba a hannunsa yake ba. Daga wannan mako garin da ake kawowa ya koma na yara talatin.

Akwai wata aduwa a bayan katangarmu. Nan Kaltumi ta koma da ƴaƴan fari. Da asuba ta tankaɗe rairayin rumfa, don shi ne aikin da ake ba ta kwanon kunu a kansa, sannan ta zagaya ta tankaɗe na gindin aduwa. Kwanonta take raba musu da ludayi. Ni kuma ina kankare ƙanzon tukunya in jiƙa, in miƙa mata ta kan katanga. Duk lokacin da zan miƙa, sai Madam ta juya baya ta tayar da waƙa. Na gwada ƙara ruwa a kunu don ya yaɗu, sai uwayen na ciki suka gane. Ɗaya ta zo har murhu ta tsoma yatsa ta ce, “Salamatu, wanga kunu ne ko wankin tukunya?” Ban ga laifinta ba. Nata take karewa.

Wasu ƙananan matan suka daina zuwa kwari don su zauna da ƴaƴansu, sai suka rasa jar dawa. Wasu suka ci gaba. Kande tana cikin masu ci gaba. Da yamma ta tsaya nesa da aduwa ta ce, “Inna, ina yarinyar nan?” Kaltumi ba ta ƙara nuna ta ga kowa ba. Wata rana na ji ta ce mata a hankali, “Zo ki ɗauke ta mana.” Kande ta ce, “A'a Inna, da mutane.”

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa. Ta shiga rumfa, ta shiga gindin aduwa. Na rumfa suna da ɗan nama a jiki, suka kwanta suka tashi. Na aduwa uku ba su tashi ba. Zalika ce ta biyu. Kaltumi ta goya ta zuwa asibiti da tsakar rana, suka tarar da layi har titi. Tana tsaye a layin ta ji bayanta ya yi sanyi. Ba ta kwance goyon ba. Ta juyo da ita a haka har kwari, ta tsaya bakin rijiya inda Kande ke jan ruwa. An ce Kande ta gama jawo gugan, ta zuba, sannan ta bi ta. Ko a wurin zaman makoki ba ta yi kuka a gabanmu ba. Tsofaffi suka yaba mata. Kaltumi tana gefe, ba ta cikin masu yabon.

Malama ta biyu ta zo lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suna ɗaure kayan komawa gona. Attahiru ya rako ta da sabuwar riga, yana cewa ai ya gaya mana ana kan magana. Mushe Alƙasum ya cika alkawari, ya dawo. Ya tsaya a ƙofar nan ya faɗi abin da ya faɗa da farko: kowace uwa ta kamo ɗanta, ta faɗi sunansa.

Ƙananan matan suka sake tsayawa jikin katanga. Sai na ga Kaltumi ta jefar da tsintsiya. Ta je bayan ta farko, ta sa tafin hannu biyu a bayanta ta tura.

“Tahi. Kama shi. Faɗi sunanshi.”

“Inna…”

“Faɗi, don ubanki! Da ƙarfi, ya ji!”

Yarinyar ta faɗa. Kaltumi ta koma kan ta biyu ta tura. Wata tsohuwa ta ce, “Kaltumi, ke ce yau?” Ba ta ko dube ta ba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Yara suka shiga rumfa, wuri ma ya rage.

Kande ta zo ranar, ban san dalili ba. Tana tsaye a ƙarshen katanga. Da aka gama shigar da yara, Mushe ya ce ko da saura, sai ta ce, “Zalika.” Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Mushe ya duba hagu da dama yana neman yarinyar. Madam Aminata ta taɓa hannunsa ta girgiza kai.

Na zuba wa Kaltumi kwanonta na miƙa mata. Ta ce in ba yara. Ta ɗauki rariyarta ta rataya a ƙusar rumfa, ta gaya wa sabuwar malama cewa kunama ta fi yawa ta wajen tulu. Sannan ta je ta kama Kande a wuyan hannu, kamar yadda ake kama ƙaramin yaro, ta ja ta suka bi hanyar arewa, mai zuwa Barmu. Ina tsaye da ludayi har suka sha kwanar aduwa. Ba ta saki hannun ba.