Alalen Nama Mai Sanyi a Tumfure

Gari bai gama wayewa ba motarmu ta bar tashar Jos, ni da kula cike da naman alade da ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafata, ga ɗaurin ganyen ayaba a kan cinya. Gombe na nufa, wajen ƙanena da matarsa.

Ƙanen nan nawa ƙwallo ce ta kai shi Vietnam, ya dawo mana da ciwon gwiwa da mace 'yar can. Yarinya ce mai shiga rai. Sai dai tun da ta samu ciki, aka kuma tayar da bom a wata tashar mota cikin gari, ta daina cin abinci. Likita ya ce in ramar ta ci gaba, abin da ke cikinta yana cikin haɗari. Ranar da na kira ta ina rarrashi, kalma ɗaya ta yi ta maimaita mini: "Zo, zo." Har na fara hawaye, ashe ba kirana take yi ba. Ƙanena ya karɓi wayar yana dariya, ya ce sunan wani abincin garinsu ne, nama da ake kirɓawa a naɗe a ganye. Na ce ko ma mene ne, ni dai zo na ji, kuma ga ni nan tafe.

Kuɗin mota ya kusa ninkawa, direba ya ɗora laifin a kan shingayen sojoji. A kowane shinge sai a sauko, a wuce a ƙasa hannu sama, ni kuwa hankalina na kan ƙanƙarata da ke narkewa. A Bauchi muka karya da masa mai zafi, wadda ta ɗan huce mini takaicin hanya. Bayan Alkaleri wani dattijo da ke kusa da ni ya tambayi abin da ke cikin kular. Na gaya masa gaskiya duka. Ya janye ƙafarsa a hankali, sannan ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya."

Da azahar muka isa Tumfure, inda sababbin gidaje suka tsiro a tsakiyar gonakin wake. Da na ga amaryarmu gabana ya faɗi. Wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa, sai cikin kawai a gaba. Amma da ta shinshina ganyen ayabar, sai ta ja kujera ta zauna a bakin kicin kamar mai sa ido a kan leburori.

Sharaɗin abincin ɗaya ne, kada naman ya ji ɗumi kafin ya shiga tukunya. In ya ji, ba zai kama jikinsa ba, sai ya watse kamar dambu. To ga Gombe da zafi, ga ba wuta, ga ba turmi a gidan. Na leƙa wajen maƙwabciyarsu, wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara, ban ɓoye mata komai ba. Ta yi dariya ta ce, "'Yar'uwa, turmina dai ki yi haƙuri. Amma ƙanƙara ki kwashi iya ƙarfinki, yarinyar nan tausayi take ba ni." Ita ce ma ta kwatanta wa ƙanena inda zai samo sabon turmi.

Muka kafa turmin a cikin baho, muka zagaye shi da ƙanƙara. Aka yanka naman siriri, aka zuba masoro, sukari kaɗan, garin rogo, da wani ruwan kifi na kwalba da amaryar ta taho da shi daga ƙasarsu, mai warin da ya fi na daddawa. Ni da ƙanena muka yi ta kirɓi muna karɓar juna. Duk sa'ad da na ce ya yi, sai ta taɓa da yatsa ta girgiza kai. Sai da ya yi danƙo ya fi sakwara laushi, ya ƙi sakin taɓarya, sannan ta yarda. Ita da kanta ta gasa ganyen sama-sama don ya yi taushi, ta naɗe naman dunƙule biyu masu kaurin damtse, ta ɗaure tamau da zare. Aka jefa su a tafasasshen ruwa, ita kuma gajiya ta kai ta ɗaki.

A nan na yi abin da kowace 'yar gidanmu za ta yi. Da ya dahu na kwance ɗaya, na gan shi fari fat, ba mai, ba yaji. Na ce wannan ai ba a gama ba. Na yanyanka, na soya da albasa da attaruhu, na barbaɗa yaji, na kai mata yana tururi, ina jiran yabo. Ta dubi faranti, ta dube ni, ta fashe da kuka. Ashe da sanyi ake cinsa, sai ya kwana ya daskare. Mu kuwa a wajenmu ba wa mai ciki nama mai sanyi ai rashin kirki ne. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Saura ɗaya, kuma dole ya kwana a firji. Na Hajiya bai taso ba tunda alade ne, sai na wata 'yar cocinsu a Hammadu Kafi mai janareta. Na rungume shi na hau keke. A shingen shiga gari soja ya hango dunƙulen abu ɗaure da zare a hannuna, ya ja da baya ya daka tsawa, "Madam, mene ne wannan?" Mai keke ya fara salati. Na ce, "Oga, alale ne, alalen nama." Ya sa na ajiye a ƙasa, na ɗaga gefen ganyen da kaina. Ya leƙa, ya shinshina, ya ce bai taɓa ganin alale mai tsoratarwa haka ba.

Washegari da hantsi na dawo da shi, ban taɓa ko zaren ba. Amaryar ta kwance shi, ta yanka fale-fale, ta jera a kan farar shinkafa. Ni da ƙanena muka yi kamar muna hira, alhali idonmu na kan bakinta. Ta ci ɗaya, ta rufe ido. Ta ci na biyu, na uku. Can ta miƙo faranti, da Hausarta mai tuntuɓe ta ce, "Yaya, ƙara shinkafa." Ƙanena ya tashi ya fita waje, wai zai duba tankin ruwa.

Na yi kwanaki ina kirɓi kafin na juyo Jos, kafaɗuna kamar ba nawa ba. Na tafi da tunanin cewa kula da mutum shi ne ka ba shi abin da kai ka sani, da zafinsa. Na dawo na gane wani lokaci sai ka sauke hannunka, ka tambaya, ka bar abu ya huce. Ina shiga gida waya ta yi ƙara. Ƙanena ne, ya ce sun dawo daga awo, nauyinta ya fara hawa, kuma likita ya ji bugun zuciyar jaririn da ƙarfi.